Hular Baƙo

Mai Saƙa ta gama hular tun cikin Auta bai gama fitowa ba. Ulu mai ruwan ƙwai ta zaɓa, irin wanda ba ya ƙaiƙayi, ta yi mata kunnuwa biyu da igiyar ɗaurewa a haɓa, sannan ta biyo ta da shawul na zaren auduga mai faɗin da zai naɗe jariri har ya yi saura. Sana'arta ke nan tun tana budurwa. Rabin yaran unguwarsu da hularta suka fito daga asibiti, kuma ba ta gajiya da faɗin haka, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Yanzu ga autarta za ta yi haihuwar fari. Abu ɗaya ta ƙudurta a ranta, cewa abin da zai fara hawa kan jikan nan aikin hannunta ne.

Ba don komai ta matsa wa kanta ba sai don akwai wata kakar. Uwar mijin Auta, wadda kowa ke kira Mai Ƙanƙara, tana da shago a bakin titin asibiti, da firiza biyu da firji ɗaya da wani janareto mai tari. Gajeriyar mace ce mai faɗi, ba ta da yawan magana, hannuwanta sun yi kaushi kuma kullum da sanyi. Matan biyu ba su taɓa faɗa ba, kuma da sun yi sau ɗaya wataƙila da sun huta. Gaisuwa suke yi doguwa, kowacce na tambayar lafiyar kowa har da kajin gida, sannan Mai Saƙa ta koma ta ce wa duk wanda ta fara samu, "Matar nan in ta ba ka hannu sai ka ji kamar ka kama kifi." Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda Auta ke kiran matar Mama, da cikakken baki, kamar da sunan aka haife ta.

Ranar haihuwar naƙuda ta yi tsawo, har aka shiga da Auta ɗakin tiyata. Mai Saƙa na zaune a benci da jaka a cinya, tana jiran kuka. Kukan bai zo ba. Sai ta ga ƙofa ta buɗe, wata nas ta turo ɗan gado mai taya da sauri, wata na biye da ita tana matsa wata roba a fuskar abin da ke ciki. Ba wanda ya dubi benci, balle ya ce a kawo kayan jariri.

Can an jima likitar jarirai, wata siririya mai tabarau, ta tara su a baranda, kakanni biyu da Dogo, mijin Auta.

"Namiji ne," in ji ta. "Ya zo bai yi numfashi ba, sai da muka taimaka masa. Yanzu yana yi da kansa. Amma ƙwaƙwalwarsa ta ɗan jima ba ta samu iska ba, kuma irin wannan raunin ba ya tsayawa nan take. Kun san in an kashe gobara, wani lokaci tana ci gaba da ci ta ƙasa. Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke ci gaba da mutuwa ko bayan iskar ta dawo. Abin da ke rage ɓarnar shi ne sanyi. Za mu sanyaya jikinsa kaɗan, mu riƙe shi a haka kwana uku, sannan mu ɗumama shi a hankali."

"Sanyi?" in ji Mai Saƙa. "Jariri fa kika ce."

"Sanyi, Iya. Ba riga, ba hula, ba shawul, ba ɗauka. A yanzu ko ɗumin jikin mutum cuta ne a gare shi."

Dogo ya tambaya ko in an gama yaron ya warke ke nan.

"Ba zan yi maka alkawari ba. In mun ɗumama shi za mu duba. Zai tsotsa? In an sa masa yatsa a tafin hannu, zai damƙe? Daga nan za mu fara sanin inda muke."

Sai kuma ta faɗi matsalar. Sashen ba shi da injin sanyaya jarirai. Wasu jakunkunan roba suke amfani da su, masu ruwa mai kauri a ciki, a sanyaya su a firji a jera wa yaro a jiki, in sun fara hucewa a canza. Firjin sashen kuwa ƙarami ne, kuma cike yake da magunguna.

Mai Ƙanƙara ta ce, "Ina da firji. Bari in kwashe lemon da ke ciki."

Likita ta dube ta kamar an sauke mata kaya daga ka. Mai Saƙa kuwa ta ƙara rungume jakarta, wadda ba wanda ya tambayi abin da ke cikinta.

Daga ranar asibitin ya zama na Mai Ƙanƙara. Ta wanke firjinta tas da maganin da aka ba ta, ta rufe rabin cinikinta, ta shiga kai da kawo da wata shuɗiyar kula a hannu. Mai gadi ya daina tambayar ta inda za ta. Nas-nas suka sa mata suna Kakarmu. In ta doso ƙofar sashen jarirai sai a buɗe mata tun ba ta ƙwanƙwasa ba, ta wanke hannu, ta sa rigar da ake sawa, ta shige. Mai Saƙa tana benci tana kallon ƙofar na rufewa. Ita da ta tufatar da yaran mutane shekara da shekaru, yau ga nata jikan tsirara a bayan gilashi, kuma wai abin da ta iya shi ne dafi. Kishi ne ya kama ta, kishi sosai, kuma ba ta iya gaya wa kowa ba, don wa zai saurari tsohuwar da ke kishi a kan jaririn da ke tsakanin rai da mutuwa?

A ɗakin da Auta ke kwance ma ba ta tsira ba. Ita ce ke tayar da yarinyar zaune, ita ke goge mata jiki, ita ke matsa mata ƙafafun da suka kumbura. Amma da Mai Ƙanƙara ta leƙo da kularta, sai Auta ta ɗago kai kamar an kunna fitila.

"Mama, yaya kika ga Baƙo?" Haka suke kiran yaron.

"Yana nan. Ya motsa ƙafa."

"Wacce ƙafar, Mama?"

"Ta hagu."

Sai Auta ta yi ta kuka tana dariya a kan ƙafar hagu, Mai Saƙa na riƙe da ƙafar Auta, ba wanda ya tuna da ita. Ta ce a ranta, kalma uku matar nan ke faɗa a wuni, amma dubi yadda ake karɓar su hannu bibbiyu.

Washegari da rana tsaka wata nas mai wushirya, wadda ake kira Sista, ta tausaya mata.

"Iya, kullum kina nan a zaune. Taso ki gan shi. Amma ido kawai, kin ji?"

Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa rigar. Jakar ta bari a benci. Hular ce dai ta riga ta soke a ƙugu tun da safe, ba da wata niyya ba, in ji ta.

Ɗakin ya fi yadda ta zata haske, na'urori na ta ƙara ƙasa-ƙasa. Baƙo na can kusa da taga a wani gado marar murfi, daga shi sai kunzugu. An manna masa wayoyi a ƙirji, siririn bututu ya shiga hancinsa, jakunkunan sanyi sun kewaye shi, biyu a gefe, ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a saman kai. A bisa gadon akwai allo mai lamba da ɗan koren haske. Sista ta nuna mata. In dai hasken kore ne, to yana inda ake so. Goshin Auta ne da shi sak, wato goshin Mai Saƙa, wannan kam ta lura tun kafin ta ƙaraso. Kuma haɓarsa na rawa. Ba kuka yake ba, rawar sanyi ce, ƴar ƙarama, ba tsayawa.

Sai wata na'ura ta ɗauki ƙara a can ƙarshen ɗaki, aka ƙwala wa Sista kira, ta tafi da gudu. Labule ya rufe a bayanta.

Mai Saƙa ta tsaya hannuwanta a baya kamar ɗalibar da aka yi wa kashedi. Ta daure iya daurewa. Daga nan ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa goshin. Sanyi ƙalau. Zuciyarta ta shiga kawo mata hujjoji, kuma kowacce ta zo da shirinta. Likitar nan yarinya ce, ƙila ko goyo ba ta taɓa yi ba. Tun da aka halicci duniya uwa rufe ɗa take yi. Kai ne ma ba ya son iska. Tausayi ta ji, ba za a ce ba ta ji ba. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai ɗaya abin, kuma shi ya fi nauyi: duk inda ta duba a jikin yaron nan, kayan matar can ne ke taɓa shi.

Ta ture jakar da ke saman kansa. Ta ture biyun da ke gefe. Ta zaro hular ta sa masa, ta zauna masa daidai kamar an gwada, ta kuma kifa tafukanta biyu a kai. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Ta dai ga haɓar ta rage rawa, ta ji wani daɗi ya ratsa ta har ƙafa. Ga shi nan, ta ce a ranta, abin da yaro ke nema ke nan.

Koren hasken ya koma ruwan ɗorawa. Allon ya fara ƙara.

Ba Sista ce ta fara zuwa ba. Mai Ƙanƙara ce, da kula a hannu, lokacin canji ya yi. Ta dubi allo, ta dubi hula, ta dubi surukarta. Ta ajiye kular, ta kawar da hannuwan Mai Saƙa da nata masu sanyi, ta zare hular ta jefa a kula, ta fito da sababbin jakunkuna ta jera su inda tsofaffin suke, ta rufe murfi. Duk wannan kafin labule ya motsa.

"Me ya faru? Ya hau," in ji Sista tana haki. Ta ɗauki jakar da aka ture ta juya ta a hannu. "Wannan ai ta huce. Kakarmu, firjin naki lafiya?"

"Janareto ne ya ɗan tsaya," in ji Mai Ƙanƙara.

Mai Saƙa ta ja da baya, ta bar ƙaryar ta wuce.

Likita ta zo ta duba, ta ce hawan kaɗan ne kuma an tare shi da wuri, amma ba za ta iya cewa bai yi komai ba, kuma kada a sake. Ta ce a riƙa kawo jakunkunan da sanyi fiye da na da. A baranda Dogo ya tare uwarsa, idonsa jajir.

"Mama, ke kika ce za ki iya. In janareton ba shi da lafiya ai sai ki faɗa mini in nemo wani. Ƙwaƙwalwar yaro ce fa, ba lemon kwalba ba."

Mai Ƙanƙara ta sunkuyar da kai ta ce ba za a ƙara ba. Mai Saƙa na benci tana ji. Abin kunya ne a faɗa, amma sai da ta ji wani ɗan zaƙi a maƙoshi, ganin yau an sauke Kakarmu daga kan kujerarta. Zaƙin bai daɗe ba. Ta tuna maganar gobara mai ci ta ƙasa, ta dubi tafukanta, ta ji suna mata zafi kamar ba nata ba.

Kwana ta yi tana juyi. Da safe ba ta iya shiga asibitin ba, sai ta tsallaka titi ta nufi shagon. Ta sami Mai Ƙanƙara a tsugune gaban firji, tana ƙoƙarin naɗe wata jaka da tawul, tawul ɗin na zamewa.

Yau ba a tambayi lafiyar kaji ba.

"Na zo karɓar hulata."

"Tana inda take."

"Me ya sa kika yi ƙarya? Don ki ƙara hawa kaina?"

Mai Ƙanƙara ba ta ɗago ba. "Yarinya na kwance da ɗinki a ciki. In ta ji uwarta ce, wa za ta kira in ta tsorata?"

"Ai ke take kira. Mama kaza, Mama kaza."

"Labari take tambaya ta. Ranar da za a shiga da ita tiyata ina tsaye a gefenta, ke kin je ɗauko jaka. Ke take ta kira, Inna, Inna, har aka rufe ƙofa." Ta sake jan tawul ɗin, ya sake zamewa. "Kuma kina ganin daɗi nake ji? Da hannuna nake jera wa jikana sanyi yana rawa. Uban nasa ma yana jariri in na ɗauke shi zabura yake yi. Ban taɓa ɗaukar yaro ya yi shiru ba."

Mai Saƙa ba ta zo don jin wannan ba, kuma ba ta ji daɗin jin sa ba. Mutum ya shirya faɗa tun daga gida, a tare shi da irin wannan magana, ai an cuce shi. Sai ta huce haushinta a kan tawul.

"Wannan kuma mene ne kike ta fama da shi?"

Mai Ƙanƙara ta ce sababbin jakunkunan sun yi sanyi da yawa, sun fara ja wa yaron fata a kafaɗa. Sista ta ce a riƙa naɗe su da ƙyalle, amma ƙyallen ba ya zama, yaro na motsawa yake warwarewa.

"Kawo nan. Ke ko ƙulli ba ki iya ba."

Ta auna jakar da taƙi, tsawo da faɗi. Ta buɗe tata jakar, ta daɗe tana kallon shawul ɗin. Wata guda ta yi tana saƙa shi, da wani zane na ganye a baki wanda ba ta taɓa yi wa ɗan kowa ba. Ta nemo ƙarshen zaren ta cije, ta ja. Layi-layi ya riƙa kwancewa yana taruwa a cinyarta. Ta zaro kwarashi, ta ja wani akwatin lemo ta zauna a kai, ta hau saƙa wa jakunkunan Mai Ƙanƙara riguna, kowacce da ɗan baki da ake zugewa. Saƙa sakwa-sakwa ta yi, don sanyin ya wuce amma kada ya ciji fata. Masu sayen ƙanƙara na shiga suna fita, janareto na tari, ita ko ɗagowa ba ta yi. In ta gama ɗaya sai Mai Ƙanƙara ta tafasa ta a ruwa, ta goge da dutsen guga har ta bushe.

Da za a kai na farko, Mai Saƙa ta ce da ɗaurarriyar fuska, "Kada ki ce ni na yi."

Ita dai ta faɗa ne irin faɗar da ake yi don a musa. Amma Mai Ƙanƙara mace ce da ba ta san wannan ba. An ce kada ta faɗa, ba ta faɗa ba. Da yamma Mai Saƙa na benci ta ji Sista na gaya wa wata nas, "Kin ga Kakarmu? Har riguna ta yi wa jakunkunanta. Fatar yaron ta daina ja. Matar nan akwai basira." Mai Saƙa ta ji kamar ta tashi ta kama Sista ta nuna mata kantar saƙa da ke yatsunta. Ta zauna dai tana cizon leɓe, tana tsine wa biyayyar surukarta a zuci.

Da kwanakin suka cika aka fara cire jakunkunan, ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai, wuni guda ana abu ɗaya, don likita ta ce ɗumi ma in ya zo da gaggawa ɓarna yake yi. Washegari da hantsi ta kira su duka. An turo Auta a keken marasa lafiya. Dogo na tsaye a bayanta. Mai Ƙanƙara ta ajiye kularta a bakin ƙofa ta waje, don ta saba zuwa da ita ko ba a buƙata.

Baƙo ya yi ɗumi, launinsa ya dawo, amma yana kwance lakwas, hannuwansa a buɗe. Likita ta ɗiga masa nonon uwarsa a leɓe, ya ɗan motsa baki kaɗan, ta ce to, ba laifi, bari a ga hannu.

Auta ta sa yatsanta a tafinsa. Shiru. Ta kira shi, ta shafa, ba abin da ya motsa. Dogo ya gwada, haka.

"Iya, gwada," in ji likita.

Mai Saƙa ta matso. Ta ɗora yatsanta a ɗan tafin, mai laushi kamar audugar da ba a kaɗa ba. Ta jira. Yatsun biyar na nan a baje. Ita kaɗai, sai mace ɗaya a ɗakin, ta san abin da ya hau kan yaron nan da rana tsaka. Ni ce, ta ce a ranta. Ni na ƙona shi da hannuna. Ta shiga roƙon Allah ba tare da leɓenta ya motsa ba. Ya kama, ko na wane ne. Ya kama na likita, ya kama na mai shara, wallahi ba zan tambayi na wane ne ba.

Ta janye yatsanta.

"Kakarmu fa?" in ji Sista.

Mai Ƙanƙara ta ɓoye hannuwanta a bayan riga. "A'a, nawa da sanyi. Zai firgita."

"Ba komai, gwada," in ji likita.

Ta miƙo yatsa ɗaya, gajere mai kaushi, kamar mai tsoron taɓa wuta. Yana sauka a tafin, Baƙo ya yamutsa fuska. Goshin nan irin na Mai Saƙa ya tattare. Sai yatsun suka naɗo, ɗaya na bin ɗaya, suka damƙe. Mai Ƙanƙara ta ɗan ja, hannun ya biyo ta bai saki ba.

Auta ta fashe da kuka. Dogo ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Likita ta cire tabarau ta goge, ta ce alama ce mai kyau, amma tafiyar da saura, za a riƙa kawo shi ana duba zamansa da rarrafensa da maganarsa har ya girma. Mai Ƙanƙara na tsaye an riƙe ta, hawaye na bin faffaɗar fuskarta, ta rasa hannun da za ta share.

Mai Saƙa ta gode wa Allah da zuciya ɗaya, godiyar da ba ta taɓa yin irinta ba. Hawayenta na gaske ne. Amma alkawarin da ta ɗauka na cewa ba za ta tambayi na wane ne ba, ko numfashi goma bai kai ba. Tana kallon ƴan yatsun nan a naɗe da wancan yatsan, abin ya dawo ya tokare ta a inda ya saba. Mutum huɗu sun miƙa yatsa, yaro ya rasa wanda zai kama sai kifi.

"Yanzu kam a sa masa hula," in ji likita. "Akwai?"

Mai Ƙanƙara ta nuna ƙofa da haɓa, ba ta dubi kowa ba. "Tana cikin kula. Kakarsa ce ta saƙa."

Mai Saƙa ta fita baranda. Ta tsuguna ta buɗe murfin. Hular na can a lungu cikin leda, a ninke da kyau, ta yi sanyi kamar dutse. Ta zaro ta ta cusa a hammata don ta ɗumama. Jakunkunan na jere a ƙasa sanye da rigunansu na shawul, ɗaya ma da ragowar zanen ganye a baki. Ta duba hagu, ta duba dama, ba kowa sai mai shara can nesa. Sai ta tura hannunta na dama cikin kular, ta kwantar da yatsanta a kan jaka ɗaya, ta bar shi a nan.

Ba ta ji buɗewar ƙofa ba. Ta dai ga gajerun ƙafafu a gabanta. Mai Ƙanƙara ta dubi hannun da ke cikin kularta, ta dubi hular da ke leƙowa daga hammata.

"Nan sama ba sanyi," in ji ta. "Tura shi can ƙasa."

Mai Saƙa ta galla mata harara. Sannan ta tura hannun har wuyansa, ta cije baki tana jira ya yi sanyi.